Mace a Cocin Katolika: Abin da Doka Ta Rufe da Abin da Al'ada ce Kawai Ta Rufe

A majami'un Katolika na ƙauyukan kudancin Kaduna, ko na Hausawa Kirista a Kano da Katsina, mata ne suka fi cika benci ranar Lahadi. Su ne mawaƙa, su ne 'yan Zumuntar Mata, su ke koya wa yara addu'o'i. Amma da an zo maganar wanda zai tsaya a gaba, sai wani ya ce "dokar Coci ta hana." Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Sau da yawa kuma dokar da yake kafa hujja da ita ba ta cikin littafi, ko kuwa an daɗe da soke ta.

Littafin da ake nufi shi ne kundin dokokin Coci da Paparoma John Paul na biyu ya fitar ranar 25 ga Janairu 1983, mai dokoki 1,752. Shi ya maye gurbin na 1917, kuma a tsohon ne aka so maza su zauna gefe ɗaya mata gefe ɗaya, aka ce mace ta rufe kai a coci, aka hana ta hidimar bagade. Sabon kundin bai ɗauko ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Saboda haka ɗaurin ɗankwali da raba benci da ake gani a yau al'adar wuri ce, mai kyau a idon masu yin ta, amma ba ita ce dokar Roma ba.

Ƙofar da aka rufe da gaske ita ce ta naɗi. Doka ta 1024 layi ɗaya ce: namijin da aka yi wa baftisma ne kaɗai naɗi mai tsarki ke tabbata a kansa. Naɗin hawa uku ne, dikon (mai taimaka wa firist), firist (wato Fada) da bishop, kuma dokar ta haɗa duka ukun. A lura da kalmar "tabbata". Coci tana bambanta abin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba amma ya ɗauru, da abin da bai ɗauru ba sam. Naɗa mace yana cikin na biyu. Ko bishop na gaske ne ya ɗora mata hannu ya karanta addu'ar daidai, a wurin Coci ba a yi komai ba. A wasiƙarsa Ordinatio Sacerdotalis ta 22 ga Mayu 1994, John Paul na biyu ya ce Coci ba ta da ikon naɗa mata firistoci ko da ta so, kuma ya ce a riƙe wannan a matsayin magana yankakkiya. Dalilin da ake bayarwa shi ne Yesu maza ya zaɓa manzanni goma sha biyu, kuma Coci ta bi wannan tun farko. Akwai masana tauhidi, Katolika da waɗanda ba Katolika ba, da ba su gamsu da hujjar ba, amma rashin gamsuwarsu bai taɓa dokar ba.

Akwai hukunci a kai. A 2002 wasu mata bakwai sun karɓi naɗi a cikin jirgin ruwa a kogin Danub na Turai, aka yanke su daga tarayyar Coci. Tun 8 ga Disamba 2021 hukuncin ya shiga kundin kansa, a doka ta 1379 sakin layi na 3: wanda ya yi yunƙurin naɗin da matar da ta karɓa duk sun yanke kansu daga tarayya nan take, ba sai an zauna shari'a ba, kuma Roma ce kaɗai ke iya ɗage shi.

Duk abin da ya rataya a kan naɗi ya bi shi. Mace ba ta yin Misa, wato babbar sujadar Katolika, ba ta sauraron furcin zunubi, ba ta shafa wa majinyaci mai. Ba ta zama Fadan da ke riƙe da farish (ikilisiyar wani yanki), ko babban mataimakin bishop, ko kadinal. Namijin da ba a naɗa ba ma haka yake, kuma wannan shi ne abin da ake yawan mantawa. A kusan duk sauran kundin, layin da aka ja tsakanin naɗaɗɗu ne da sauran masu bi. Inda doka ta buɗe wa katikis (malamin koyar da addini da ba a naɗa ba) namiji, ta buɗe wa mace.

Wa'azi ne wurin da aka fi ruɗewa. Karanta Bishara a cikin Misa da wa'azin da ke biye da ita na firist ne ko dikon. Doka ta 767 ta keɓe wannan wa'azin, kuma Fada ba shi da ikon ba da aronsa, ko ga sista mai digirin tauhidi, ko ranar bikin Zumuntar Mata. Amma doka ta 766 ta yarda wanda ba a naɗa ba ya yi wa'azi a cikin coci in da buƙata ko amfani, bisa ƙa'idojin taron bishop-bishop na ƙasar. Kwanakin keɓewa don addu'a, taron mata, sujadar Lahadi a ƙauyen da Fada bai iso ba, duk suna ƙarƙashin wannan. In ana so mace ta yi jawabi a ranar Misa, wurinsa bayan addu'ar da ke biye da karɓar Jibi (gurasar Jibin Ubangiji) ne, ba bayan Bishara ba.

A ƙauyen da Fada ke zuwa sau ɗaya a wata ko wata biyu, doka ta 230 sakin layi na 3 ce ke riƙe da jama'a. Ta ce inda babu naɗaɗɗe, sauran masu bi na iya jagorantar addu'a, su yi hidimar Kalma, su yi baftisma, su raba Jibin da firist ya riga ya keɓe. Ba ta ce maza ba. Raba Jibi dai sai da izini, wanda bishop ke bayarwa, yawanci na wani wa'adi.

Baftismar gaggawa ta fi kowane sashe shafar mata, domin ungozoma da ma'aikaciyar jinya su ne ke tsaye a kan jaririn da numfashinsa ke yankewa da tsakar dare. Doka ta 861 ta ce a halin larura kowa na iya yin baftisma muddin yana nufin abin da Coci ke nufi. Ruwa zalla ake ɗebowa, ko a murfin kwano ne, a zuba a kan jaririn sau uku yadda zai taɓa fata ya gangara, mai zubawar da bakinta ta ce: "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Kurakurai uku ne abin kiyayewa. Na farko, wata ta zuba ruwa wata ta yi maganar. Na biyu, a canza kalmomin. A 2020 Batikan ta yanke cewa faɗin "muna yi maka" a madadin "ina yi maka" ya sa baftismar ba ta tabbata ba. Na uku bai rushe ta ba amma yana jawo wahala: rashin sanar da Fadan farish, wanda doka ta 878 ta wajabta. In yaron ya rayu ba a rubuta shi a rajista ba, ranar da ya zo aure za a rasa shaida. A rubuta suna, rana, wuri, iyaye da wanda ya gani, a kai ofishin farish.

Sauyi mafi girma na kwanan nan ya zo a Janairu 2021, lokacin da Paparoma Francis ya cire kalma ɗaya, "maza", daga sakin layi na farko na doka ta 230. Kafin nan mace na iya karatu a Misa, kuma tun 1994 Roma ta bayyana cewa 'yan mata na iya hidimar bagade in bishop ya yarda, amma duk na wucin gadi ne. Yanzu ana iya ƙaddamar da ita mai karatu ko mai hidimar bagade ta dindindin, a gaban jama'a, da addu'ar bishop. A watan Mayu na shekarar ya kafa irin wannan matsayi ga katikis, maza da mata, kuma ranar 23 ga Janairu 2022 ya ƙaddamar da mata da hannunsa a majami'ar Bitrus Mai Tsarki. A ƙasar da katikis ke buga ƙararrawa, ya shirya masu baftisma, ya raka gawa makabarta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai makullin yana hannun bishop-bishop: taronsu na ƙasa ne ke tsara shekaru da horon da ake buƙata. Najeriya na da nata taron, Nijar kuwa tare take zama da Burkina Faso. Kuma ƙaddamarwar ba ta zuwa da albashi. Dokar ta faɗi haka ƙarara. Wadda aka ɗauka aikin Coci na cikakken lokaci, haƙƙinta na lada mai kyau yana doka ta 231, kuma ya kamata a sa shi a rubuce tun ranar farko.

Akwai wasu ƙofofi biyu masu irin wannan makulli. Doka ta 517 sakin layi na 2 ta ba bishop damar danƙa kula da farish ga wanda ba firist ba, ko ga gidan sistoci, in firistoci sun yi ƙaranci, da sharaɗin a sa wani Fada ya sa ido. Doka ta 1112 kuma ta yarda wanda ba a naɗa ba ya tsaya shaidar Coci a ɗaurin aure inda babu firist ko dikon, amma sai taron bishop-bishop ya amince, Roma ta ba da izini, sannan bishop ya wakilta. In aka tsallake wakilcin, auren na iya ƙin ɗauruwa, don haka kada kowa ya yi gaban kansa a nan.

A ofis da kotu hanya ta fi faɗi. Mace na iya zama ma'ajin dayosis (yankin da bishop ke jagoranta), matsayi mai wa'adin shekara biyar, ko mai riƙe da takardun dayosis, ko mamba a kwamitin kuɗi, wanda doka ta 537 ta wajabta wa kowane farish. Tana iya zama alƙali a kotun Coci in tana da babban digiri a dokar Coci, kuma tun 2015, a shari'ar warware aure, biyu cikin alƙalai uku na iya zama waɗanda ba a naɗa ba, shugaban zaman ne kawai dole ya zama naɗaɗɗe. Idan aka duba yawan matan da ke kai kuka wannan kotu, horar da sistoci da lauyoyi mata a wannan fanni abu ne da ya cancanci kuɗin kowane dayosis. Majalisar farish kuwa shawara take bayarwa kawai, ko mace ce ke jagorantar zamanta ko namiji. Hukunci na Fada ne.

A Roma ma an gani a aikace. Tsarin mulkin ofisoshin Batikan na 2022 ya ce kowane mai bi na iya shugabantar ma'aikata. A Sinod, babban taron shawara na bishop-bishop, na Oktoba 2023 mata 54 suka kaɗa ƙuri'a, karo na farko. Ranar 6 ga Janairu 2025 aka naɗa Sista Simona Brambilla shugabar ma'aikatar da ke kula da ƙungiyoyin sistoci da 'yan'uwa masu alkawari, ko da yake an sa mata kadinal a gefe, abin da ya nuna har yanzu ba a gama warware wane irin iko ne ke buƙatar naɗi ba. A watan Maris na shekarar Sista Raffaella Petrini ta karɓi ragamar gudanar da birnin Batikan.

Saura maganar dikon. Wasiƙar 1994 firist ta ambata, ba dikon ba, kuma a Romawa 16:1 Bulus ya kira Fibi mai hidimar ikilisiyar Kankiriya da kalmar Girkancin da "dikon" ta samo asali. Gardamar ita ce ko matan da aka kira haka a ƙarnonin farko naɗi iri ɗaya da na maza suka karɓa, ko albarka ce don wani aiki na musamman, kamar taimakon mata a wurin baftisma. Francis ya kafa kwamiti a 2016, ya kafa wani a 2020, kuma takardar ƙarshe ta Sinod a Oktoba 2024 ta ce tambayar na nan a buɗe. Kafin wani Paparoma ya taɓa ta, doka ta 1024 da hukuncin doka ta 1379 suna aiki a kan naɗin dikon kamar yadda suke aiki a kan na firist.