Waiwaye: Mai neman aiki da tambayar "ka taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa?"

A shekarar 1972, George McGovern da ke takarar shugabancin Amurka ya ɗauki Sanata Thomas Eagleton a matsayin mataimaki. Ba a je ko'ina ba labari ya fasu cewa an taɓa kwantar da Eagleton a asibiti saboda ciwon damuwa, har an yi masa magani da lantarki. Kwana 18 kacal ya yi aka sa shi janyewa. Babu wanda ya ce ya gaza a bakin aiki, hasali ma ya ci gaba da zama a majalisar dattawa har 1987. In sanata ya sha haka, ina ga mai neman aikin akawu ko direba? A wancan zamani fom ɗin neman aiki kan tambayi mutum ƙarara ko ya taɓa samun taɓin hankali, kuma "eh" kaɗai ta isa a ture takardarsa gefe.

Doka ta daɗe kafin ta waiwayi lamarin. Sai a 1990 Amurka ta yi cikakkiyar dokar kare masu nakasa, wadda ta haɗa da masu lalurar ƙwaƙwalwa, ta kuma hana kamfani binciken lafiyar mutum kafin ya yi masa tayin aiki. Amma a 1999 kotun ƙolin ƙasar ta ce wajen tantance nakasa dole a duba halin mutum bayan ya sha magani ko ya yi amfani da abin da ke rage masa matsalar. Sai aka wayi gari wanda ke shan maganinsa yana samun sauƙi na iya rasa kariyar doka, alhali saboda ciwon ne aka ƙi ɗaukarsa. Majalisa ba ta gyara wannan ba sai a 2008.

Birtaniya ma ta yi nata jan ƙafar. Dokarta ta 1995 ta gindaya wa masu ciwon ƙwaƙwalwa sharaɗin da ba ta ɗora wa sauran ba: sai ciwon ya zama wanda likitoci suka san shi sosai. An cire sharaɗin a 2005, aka taƙaita tambayoyin lafiya kafin tayin aiki a 2010, sannan a 2013 aka soke ƙa'idojin da ke iya raba mutum da kujerar majalisa ko ta daraktan kamfani saboda taɓin hankali. A tsakanin nan, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa a 2006, kuma sashe na 27 ya haramta wariya a ɗaukar aiki.

To, tambayar ta bar fom, amma ba ta bar zukatan masu ɗaukar aiki ba. Ta sake kama ne kawai. Yau ana cewa, "Me kake yi a shekara biyun nan da ba ka rubuta komai ba?" Ko kuma a ba mutum gwajin ɗabi'a. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta samu kamfanin Rent-A-Center da saɓa doka, domin gwajin da yake yi wa masu neman ƙarin girma na gano ciwon ƙwaƙwalwa ne tun asali.

Nan ne, a ganina, dokokin suka bar baya da ƙura. Mai neman aiki ba zai samu sassaucin da doka ta tanadar masa ba, kamar sauya masa lokacin aiki ko ba shi damar zuwa asibiti, sai ya faɗi lalurarsa. In ya faɗa aka ƙi shi, ba wanda zai rubuta masa dalili, "mun samu wanda ya fi dacewa" kawai za a ce. Shi ya sa da yawa ke yin gum. Kuma ba 'yan tsiraru ake magana a kai ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019, kashi 15 cikin 100 na mutanen da ke shekarun aiki suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa.