Menene "ƙarin sakan" kuma me yasa ake son a daina shi?

A daren 31 ga Disamba 2016, duk wanda ya zura wa agogon lokacin duniya ido ya ga abinda ba a saba gani ba. Agogon ya nuna 23:59:59, ana jiran ya koma 00:00:00 a shiga sabuwar shekara, sai ya nuna 23:59:60 tukuna, sannan ya koma sifili. Wato mintin ƙarshe na shekarar nan sakan 61 ne a cikinsa, ba 60 ba. To wannan sakan ɗaya da aka cusa shine Turawa ke kira lip sakan, mu kuma mu ce ƙarin sakan, kuma shine masana lokaci da injiniyoyin kwamfuta da gwamnatoci suka shafe sama da shekara 20 suna ja-in-ja a kansa, wasu na cewa a bar shi wasu na cewa a soke shi gaba ɗaya.

Asalin maganar shine agogo biyu gare mu, kuma ba sa tafiya daidai. Na farko ita duniyar kanta, juyawar da take yi, wadda ke kawo dare da rana. Tun fil'azal da ita ake auna lokaci, a raba yini zuwa awa 24, awa zuwa minti 60, minti zuwa sakan 60, jimla sakan 86,400 kenan. Na biyu shine agogon atom. A 1967 aka sake fassara sakan, aka daina ɗaure shi da abinda ke faruwa a sama, aka ce sakan ɗaya shine tsawon lokacin da wani haske da ke fita daga ƙwayar atom ɗin sinadarin sisiyam ke ɗauka ya kaɗa sau 9,192,631,770. Akwai irin agogunan nan sama da 400 a ɗakunan bincike na ƙasashe daban-daban, wani ofishi da ake kira BIPM a kusa da birnin Paris na Faransa shi ke haɗa lissafinsu ya fitar da lokacin atom na duniya, TAI.

Shi agogon atom bai san gajiya ba, yadda ya yi jiya haka zai yi gobe. Ita kuwa duniya ba haka take ba. Wata yana jan ruwan teku, tekun na cika yana janyewa, wannan gogayyar tana taka wa duniya birki a hankali a hankali, sannan iska da narkakken ƙarfen da ke can cikin ƙasa da ƙanƙarar da ke narkewa duk suna sa ta ɗan ƙara gudu ko ta ɗan rage, kuma ba wanda zai iya faɗa maka daidai yadda za ta yi nan da shekara biyar. Akwai wani wuri da mutane da yawa ke kuskure a nan, sai su ɗauka duk sanda aka ƙara sakan to duniya ce ta rage gudu da sakan guda. A'a. Tsawon sakan ɗin da aka tsayar ya dace ne da tsawon yini na wajen farkon ƙarni na 19, lokacin yini ya ɗan fi na yanzu gajarta, saboda haka a yawancin shekarun baya kullum ana samun ɗan rara, a ce kashi 2 cikin 1,000 na sakan. Ba komai bane a yini ɗaya, amma tara shi kwana 500 ka gani, ya zama sakan cur. Kamar agogon da kullum yake ɗan yin baya ne, ba sai ya ƙara lalacewa ba kafin ka buƙaci saita shi.

A 1972 aka yi sulhu tsakanin agogunan biyu, aka tsayar da tsarin UTC wanda shine lokacin da wayarka da kwamfutarka ke bi, kowace ƙasa ta ƙara ko ta rage awowinta a kai. UTC na tafiya da sakan ɗin atom, amma da sharaɗin kada ya yi nisa da juyawar duniya fiye da 0.9 na sakan, da zarar an ga tazarar na neman kaiwa nan sai wata hukuma mai auna juyawar duniya da ake kira IERS ta fitar da sanarwa wajen wata shida kafin lokacin cewa za a ƙara sakan a ƙarshen Yuni ko ƙarshen Disamba. Daga 1972 zuwa yau sau 27 aka yi, na 2016 ɗin nan shine na ƙarshe, kuma yanzu TAI yana gaban UTC da sakan 37 (da ma da tazarar sakan 10 aka fara). A wancan zamanin abin yana da amfani sosai, matuƙan jirgin ruwa suna gano inda suke ta hanyar duba taurari suna haɗawa da lokacin da rediyo ke basu, kuma a kan layin da ya raba duniya arewa da kudu ƙasa na juyawa kusan mita 465 a sakan ɗaya, kenan kuskuren sakan guda kuskuren kusan rabin kilomita ne a cikin teku.

Kar a haɗa shi da ranar 29 ga Fabrairu. Ita wannan tana da ƙa'ida, yaro ma zai iya lissafa maka shekarun da za ta faɗo nan da shekara 100. Ƙarin sakan ba shi da ƙa'ida, sai an auna an gani, kuma nan ne matsalar take.

Yawancin kwamfutoci an gina su ne a kan cewa kowane yini sakan 86,400 ne, babu 23:59:60 a lissafinsu sam. Idan sakan ɗin ya zo, wasu sai su maimaita sakan ɗaya sau biyu, wato agogo ya ɗan koma baya. Ka ɗauki manhajar da ke auna tsawon lokacin da wani aiki ya ɗauka, ta rubuta lokacin farawa, ta rubuta na gamawa, ta cire wannan daga wancan, sai ga amsa ta fito ƙasa da sifili, wai aikin ya ƙare kafin ya fara. Wanda ya rubuta manhajar bai taɓa kawo wa ransa haka za ta faru ba, sai kawai ta rikice ta tsaya. Kusan haka ya faru da kamfanin intanet na Cloudflare a daren shiga 2017. Kafin nan, a ƙarshen Yuni 2012, wata matsala a cikin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, ta sa manyan kwamfutoci suka ruɗe, shafin intanet na Reddit ya ɗauke, tsarin tantance fasinja da kamfanin jiragen Qantas na Ostareliya ke amfani da shi ya tsaya har jirage suka makara. Kuma a tuna sha biyun dare a UTC ƙarfe 9 na safe ne a Tokyo, 8 a Beijin, mutane na tsaka da aiki.

Da manyan kamfanoni suka gaji sai kowa ya nemo dabararsa. Google ba ya ƙara sakan ɗin a lokaci guda, yana shafa shi ne a kan awa 24, kowane sakan ya ɗan ƙara tsawo kaɗan yadda kwamfuta ba za ta ji ba. Dabara ce mai kyau amma ta haifo wata damuwar, domin ba kowa ke shafawa iri ɗaya ba, wasu kuma ba sa yi, to a ranar nan sai ka samu kwamfutoci biyu kowacce na cewa ita ke kan daidai alhali akwai ɗan bambanci tsakaninsu. Ga banki ko kasuwar hannun jari ko tashar wutar lantarki inda ake son sanin wane abu ne ya riga wane, wannan ba ƙaramin abu bane. GPS ma tun da aka fara ƙirga lokacinsa a 1980 bai taɓa ƙara sakan ba, yanzu yana gaban UTC da sakan 18.

Masu cewa a bar shi suna da hujjarsu, kuma ni ban raina ta ba. Suna cewa tunda ɗan Adam ya fara ƙirga lokaci da rana yake ƙirgawa, in aka sake igiyar nan to agogo ya zama lissafin na'ura zalla, a hankali tsakar rana ta agogo za ta rabu da tsakar rana ta sama. Masu nazarin taurari kuma na da na'urorin da aka gina a kan cewa UTC ba zai kauce wa juyawar duniya da sakan guda ba. A taron hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a Janeba a 2012, Amurka da Faransa da Japan suna son a soke, Birtaniya da Kanada da Sin suka ƙi, aka ɗage zuwa 2015, a 2015 ma aka sake ɗagewa.

Sai a Nuwamba 2022, a babban taron awo da ma'auni na duniya da aka yi a Versailles ta Faransa, ƙasashe suka amince cewa zuwa 2035 ko kafin nan za a faɗaɗa iyakar nan ta 0.9, a bar tazarar ta yi girma ba tare da an taɓa agogo ba. Rasha ta ƙi amincewa, ta so a kai 2040, saboda taurarin ɗan Adam nata na GLONASS, wato irin GPS ɗinta, da ƙarin sakan ɗin aka gina lokacinsu, sauya su aiki ne babba. A 2023 taron ITU na Dubai ya goyi bayan matakin. Abin lura shine ba a ce an yanke alaƙa da rana ba, an dai ce a daina gyara ƙanana-ƙanana, shi yasa ake ta maganar ko a jira har ya taru ya kai minti sannan a gyara sau ɗaya.

Ni dai a ganina matakin daidai ne. Sakan 27 cikin sama da shekara 50, ba idon da zai gane wannan a sararin sama. Kuma dama agogon bangonmu ya daɗe da yin nisa da rana fiye da haka nesa ba kusa ba, ƙasar Sin duk faɗinta lokaci ɗaya take bi, a can yammacinta rana ba ta kaiwa tsaka sai wajen ƙarfe 3, a Madrid ta Sifen kuma lokacin zafi sai bayan ƙarfe 2, kuma rayuwa na tafiya. Wanda ke buƙatar sanin ainihin juyawar duniya, IERS na ci gaba da aunawa tana wallafawa, zai samu adadin da ya fi na UTC daidai ma. Abinda kawai ke damuna shine maganar mintin nan, domin in sakan da ake yi duk bayan 'yan shekaru yana kayar da kwamfutoci, yaya minti guda da zai zo bayan duk waɗanda suka san yadda ake yi sun shuɗe?

Sannan ga wani abu da ya sa 2035 ɗin ma wasu ke ganin ya yi nisa. A 'yan shekarun nan duniya ta ɗan ƙara gudu, ranar 29 ga Yuni 2022 ta kammala juyinta da ragin kashi 1.59 cikin 1,000 na sakan, shi yasa tun 2016 ba a ƙara komai ba. In aka ci gaba a haka, ƙa'idar 0.9 ɗin nan za ta tilasta a yi akasin abinda aka saba, a cire sakan, agogo ya tashi daga 23:59:58 ya faɗa 00:00:00 kai tsaye. Wani masanin ƙasa a Amurka, Duncan Agnew, ya wallafa lissafi a mujallar Nature a 2024 cewa hakan na iya zuwa wajen 2029, kuma da ba don narkewar ƙanƙarar Girinlan da Antatika da ke ɗan rage wa duniya gudu ba da ya zo tun wajen 2026. Ƙarin sakan an yi shi sau 27 kuma har a na ƙarshen an samu matsala, shi kuwa cirewa ba a taɓa yin sa ba ko sau ɗaya.