Clara Schumann

Clara Schumann, wadda ake furta sunanta Kilara Shuman, makaɗiyar fiyano ce 'yar ƙasar Jamus, kuma mai tsara kiɗa da koyar da shi. An haife ta a birnin Leipzig ranar 13 ga Satumba 1819, ta rasu a Frankfurt ranar 20 ga Mayu 1896. Ta fara hawa dandamali tana 'yar shekara 9, ba ta sauka ba sai tana da 71. A cikin waɗannan shekaru sittin da 'yan kai ta taimaka wajen sauya fasalin taron kiɗa a Turai: da can ana zuwa ne kallon saurin yatsun makaɗi, ita kuwa ta saba wa jama'a da zama su saurari abin da aka tsara. Da wannan sana'a ta riƙe gida, ta yi jinyar miji, ta raini 'ya'ya har da jikoki.

Irin fiyanon da ake nufi

A Bauchi ko Gombe in aka ce fiyano, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne kibod na lantarki, irin na situdiyon mawaƙa da wuraren biki da coci-cocin Yelwa ko Kaltungo ko Billiri. A jona wuta, a danna maɓalli, ganga da sarewa su fito da kansu. Na Clara ba ruwansa da wuta. Babban akwati ne na katako, cikinsa tsirkiyoyin ƙarfe a ɗaɗɗaure. Kowane madanni aka taɓa, wata 'yar guduma mai laushin kai ce za ta daki tsirkiya ta koma. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro shi a birnin Florence wajen shekarar 1700. Na zamanin nan yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, da tsirkiyoyi sama da 200. Na lokacin ƙuruciyar Clara bai kai haka faɗi ba.

Duk sirrin yana cikin nauyin yatsa. A taɓa a hankali ya yi raɗa, a danna da ƙarfi ya cika zaure. Shi ya sa mutum biyu za su kaɗa abu ɗaya, harafi da harafi kamar yadda aka rubuta, amma kunne ya ji bambanci. Kayan kiɗa ne mai son lallaɓawa: katakonsa na ja da baya in iska ta bushe, tsirkiyoyin su saki, don haka wanda ya ajiye irinsa a Gombe zai sha neman mai gyaran sauti duk bayan hunturu.

Ƙuruciya a hannun uba

Mahaifinta Friedrich Wieck malamin fiyano ne, kuma yana sayar da su. Mahaifiyarta Mariane Tromlitz mawaƙiya ce, ita ma gwanar fiyano. Auren ya mutu Clara na da kimanin shekara biyar, ta zauna wajen uba. Yarinya ce da ta jima ba ta fara magana ba, sai da ta kai shekara huɗu.

Wieck ya ƙudura tun farko cewa wannan 'ya ita ce shaidar hanyar koyarwarsa. Kullum darasin awa ɗaya, maimaici na awa biyu, sannan doguwar tafiya a ƙafa don jiki ya yi ƙwari. Bayan fiyano ya sa an koya mata waƙa da goge da ƙa'idojin tsara kiɗa. Har littafin tarihin yau da kullum ya buɗe mata, yana rubutawa da hannunsa amma da bakinta, kamar ita ce ke magana. Wanda ya san gidajen makaɗa na gado a ƙasar Hausa, inda yaro ke tashi da kalangu a hammata tun kafin ya san abin da ake ciki, ba zai ga wannan baƙon abu ba. Bambancin shi ne tsananin riƙon: uban ne malami, shi ne mai shirya tafiya, shi ne mai karɓar kuɗin ƙofa.

A watan Oktoba 1828 ta fara fitowa a zauren Gewandhaus na Leipzig. Ma'anar sunan ita ce gidan tufafi, domin a ginin 'yan kasuwar yadi aka fara ware wa makaɗa wuri. A 1831 uban ya ɗauke ta zuwa Faris a keken doki, suna yada zango gari-gari tana kiɗa. A Weimar ta kaɗa wa dattijon marubuci Goethe, ya ba ta lambar tagulla mai hotonsa. A Faris kuwa sun tarar da annobar kwalara a 1832, mutane na gudu daga gari, taron bai cika ba. Tana da shekara 16, a 1835, ta kaɗa babban kiɗan da ita da kanta ta tsara, irin wanda fiyano ke jagora ƙungiyar makaɗa na yi masa amshi, Felix Mendelssohn na jan ragamar ƙungiyar.

Biyana

Inda sunanta ya kafu sosai shi ne Biyana, babban birnin Ostiriya, daga Disamba 1837 zuwa Afrilu 1838. Zaure na cika maƙil duk sanda ta fito. Cikin abin da ta kaɗa har da wata doguwar sonata (kiɗan fiyano shi kaɗai mai sassa da dama) ta mashahurin mai tsara kiɗa Beethoven da ake kira Appassionata, a lokacin da makaɗa ba su cika fitar da irin wannan kiɗa mai nauyi a bainar jama'a ba. Mawaƙin baiti Franz Grillparzer ya rubuta mata waƙa a kan haka. Ranar 15 ga Maris 1838 fadar Sarkin Ostiriya ta naɗa ta gwanar kiɗa ta fada. Kamar dai yadda ake naɗa sarkin makaɗa a fadojinmu, muƙami ne da ke ɗaga darajar mutum a ko'ina ya je. Abin da ya sa nata ya zama abin magana shi ne ta samu tana da shekara 18, tana mace, baƙuwa, kuma ba 'yar ɗariƙar Katolika ta masu mulkin ƙasar ba.

Aure ta hanyar kotu

Robert Schumann ɗalibin mahaifinta ne, ya ma taɓa zama a gidansu. Ya girme ta da shekara tara. Burinsa ya zama makaɗin fiyano, sai yatsan hannunsa na dama ya lalace, ya koma tsara kiɗa da rubutu a jarida. Da ya nemi aurenta uban ya ce atafau bai yarda ba: ba shi da tsayayyen samu, kuma a cewar Wieck yana shaye-shaye. Aka kai maganar gaban alƙali a 1839, kotu ta ba su izini, aka ɗaura aure ranar 12 ga Satumba 1840 a ƙauyen Schönefeld, saura kwana ɗaya ta cika shekara 21.

Sun haifi 'ya'ya takwas. Zaman ya ba ta abu, ya kuma karɓe mata abu. Tare suke nazarin kiɗan Bach da Beethoven, wanda ya zurfafa kunnenta. Amma in Robert na aiki a ɗakinsa dole fiyanonta ya yi shiru, don sautin na ratsa bango ya dame shi, ga ciki ga goyo. Duk da haka ta je Kopenhagen a 1842, ta yi rangadin Rasha na wata huɗu a 1844 har Mosko. A Disamba 1845 ita ta fara kaɗa babban kiɗan fiyano da ƙungiya na mijinta a Dresden. Tunda shi ba ya iya hawa dandamali, hannunta ne ya isar da aikinsa ga duniya, kuma in ba don nacinta ba da wuya kiɗansa ya samu karɓuwa da wuri, domin mutanen lokacin na ganinsa da wuyar fahimta. A Mayu 1849, da tarzoma ta ɓarke a Dresden, ta fitar da Robert daga gari, sannan ta dawo da tsohon ciki ta ratsa titunan da ake harbe-harbe ta kwaso yaran da aka bari.

Shekarun takaba da rangadi

A 1853, suna zaune a Düsseldorf, wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Johannes Brahms ya zo ya kaɗa musu abin da ya tsara. Ya zama aminin gidan har ƙarshen rayuwarta. Watanni kaɗan bayan haka ciwon ƙwaƙwalwar Robert ya tsananta. Ranar 27 ga Fabrairu 1854 ya faɗa kogin Rhine, masu kwale-kwale suka tsamo shi, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Endenich kusa da Bonn. Tana ɗauke da cikin ɗansu na ƙarshe, Felix. Likitoci suka hana ta ganinsa sama da shekara biyu, sai ana saura kwana biyu ya cika. Ya rasu ranar 29 ga Yuli 1856, ya bar ta tana da shekara 36 da yara bakwai.

Abokan sana'a sun so su shirya taron tara mata gudummawa, ta ƙi. Ta zaɓi ta koma hanya. Yara ta rarraba su makarantun kwana da gidajen dangi, ita kuma daga kaka zuwa bazara tana cikin jirgin ƙasa. Wannan zaɓi ya ci mata abu mai yawa, domin ta yi nesa da 'ya'yanta suna ƙanana. Ga shi kuma huɗu daga cikin takwas ɗin sun riga ta mutuwa: Emil, Julie, Felix da Ferdinand. Ludwig kuma ya ƙare rayuwarsa a asibiti irin na mahaifinsa. 'Ya'yan Ferdinand ita ta ɗauki nauyinsu.

Ingila ce ta zama babbar gonarta. Ta fara zuwa a Afrilu 1856, ta yi ta zuwa har sau 19 gaba ɗaya, na ƙarshe a 1888. A Landan an fi ganinta a zauren St James's Hall, wurin tarukan kiɗa masu rangwamen kuɗin shiga. Abokin tafiyarta na kusa shi ne gwanin goge Joseph Joachim, sun yi taro sama da 230 tare. Takardun jadawalin tarukanta da suka tsira sun haura 1,300.

Abin da ta sauya

Daga waɗannan takardu ake ganin yadda ta juya akalar. Na ƙuruciyarta cike suke da kiɗe-kiɗen burgewa na su Herz da Kalkbrenner, inda ake ɗauko karin wata sananniyar waƙa a yi ta murza shi da sauri har jama'a su tafa. Taro a lokacin gauraye yake, mawaƙi ya fito, mai goge ya fito, mai fiyano ya fito. Sannu a hankali ta watsar da waɗannan, ta maye gurbinsu da Bach, Scarlatti, Beethoven, Schubert, Chopin, Mendelssohn, mijinta da Brahms. Ta rage yawan abin da ake kaɗawa, ta bar kowanne ya samu sarari.

Tana cikin na farko-farkon da suka riƙa kaɗawa da ka, ba takarda a gaba. Wasu a lokacin na ganin hakan girman kai ne, yau kuwa shi ne ƙa'ida ga duk mai fiyano da ya fito shi kaɗai. Ba ƙaramin aiki ba ne: sonata guda na iya cin minti ashirin zuwa talatin, hannu biyu kowanne da abin da yake yi, kuma ba a yarda a ƙara ko a rage ba. Nan ne wannan al'ada ta rabu da tamu. Makaɗin Hausa na ƙirƙira ne nan take, ya dubi wanda ya shigo fili ya sauya kiɗa dominsa. Makaɗin fiyano irin Clara amana aka ba shi ta abin da wani ya rubuta, gwanintarsa ita ce ya isar da shi da rai.

A kan haka suka sha bamban da Franz Liszt, tauraron makaɗan fiyano na zamanin, wanda ke girgiza kai da gashi, mata na suma a zaure. Ta yaba ƙwarewarsa tana yarinya, daga baya ta ƙi salonsa ƙwarai. Ita a natse take zama, bayan rasuwar mijinta cikin baƙaƙen kaya, yatsu kusa da madannai, tana matsa su maimakon dukansu, har sautin ya fito kamar muryar mai waƙa. Liszt ya bar kiɗan kuɗi a 1847 yana da shekara 35. Ita ta ƙara shekara 44 bayansa a dandamali, kuma hanyarta ce makarantun kiɗa suka fi bi.

Tsara kiɗa kuwa kusan ta daina shi bayan 1856. Cikin abin da ta bari, wanda aka fi yabo shi ne na kayan kiɗa uku da ta rubuta a 1846.

Frankfurt

Ciwon hannu ya tilasta mata hutu daga ƙarshen 1873 zuwa 1875. A 1878 ta karɓi aikin koyarwa a makarantar kiɗa ta Hoch da ke Frankfurt, ita kaɗai ce mace cikin manyan malamai. Ta gindaya sharuɗɗa: awa ɗaya da rabi a rana, a gidanta, da hutun wata huɗu. 'Ya'yanta Marie da Eugenie ke fara shirya ɗalibai kafin su iso gabanta. Daga hannunta Fanny Davies da Leonard Borwick da Ilona Eibenschütz da Carl Friedberg suka fito, suka kai salonta Ingila da Amurka. A shekarun ne kuma ta tace dukkan ayyukan mijinta aka buga su.

Taronta na ƙarshe ya kasance a Frankfurt ranar 12 ga Maris 1891, lokacin kunnenta ya fara ba ta matsala. Kiɗan Brahms ta yi, na fiyano biyu. Ta ajiye koyarwa a makarantar a 1892. A Maris 1896 ta samu shanyewar ɓarin jiki, ta rasu bayan wata biyu. Jamus ta sa hotonta a takardar kuɗi ta Mark 100 daga 1990 har zuwa shigowar Yuro a 2002. An binne ta kusa da Robert a tsohuwar maƙabartar Bonn, garin da masu sauraron sashen Hausa na rediyon Jamus a Bauchi da Gombe suka saba jin sunansa.