Izinin saukar taurarin ɗan adam na ƙasashen waje a Najeriya

Izinin sauka shi ne yardar da hukumar sadarwa ta wata ƙasa ke bai wa tauraron ɗan adam da wata ƙasar dabam ta yi wa lasisi, domin ya riƙa haska siginarsa a cikin iyakokinta, a kuma yi kasuwanci da shi. A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NCC, mai hedikwata a unguwar Maitama ta Abuja, ita ce ke bayar da shi. Izinin bai shafi harba tauraron ko gurbin da yake zaune a samaniya ba, waɗannan suna hannun ƙasar da ta yi masa rajista. Ikon Najeriya a doron ƙasa yake: mitar da za a yi amfani da ita, tashoshin karɓa da aikawa, na'urorin da ake shigowa da su, da kamfanin da zai sayar wa jama'a. Lamarin ya yi kama da na motar haya mai lambar wata ƙasa. Lambarta tana nan yadda take, amma ba ta ɗaukar fasinja a tashar gari sai da yardar hukumar garin.

Tushe a dokokin duniya

Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda Najeriya ke cikinta, ta hana kowace ƙasa mallake wani yanki na samaniya, ta kuma ɗora wa kowace gwamnati alhakin abin da kamfanoninta ke yi a can. Rabon mitoci da guraben zama kuwa aikin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ne, wato ITU, da ke Janiba. Kamfani ba ya zuwa gabanta da kansa, gwamnati ce ke shigar da takardu a madadinsa. Sashe na 18 na dokokin rediyo na ƙungiyar ya ce ba wanda zai kafa ko ya sarrafa tashar aika sigina ba tare da lasisin gwamnatin ƙasar da tashar take ba. Wannan sashe ne ginshiƙin izinin sauka, domin duk farantin intanet da ke kan rufin gida tashar aikawa ce, komai ƙanƙantarsa.

An taɓa jayayya kan mallakar falakin da ke saman tsakiyar duniya, mai nisan kilomita 35,786, inda tauraro ke tafiya daidai da juyawar ƙasa har ya zama kamar a tsaye yake. A 1976 ƙasashe takwas, ciki har da Kolombiya, Kenya, Yuganda da Indonesiya, suka ayyana a birnin Bogota cewa yankin da ke samansu nasu ne. Duniya ba ta karɓi da'awar ba.

Tarihi

A zamanin farko tambayar izinin sauka ba ta ma taso ba. Intelsat, da aka kafa a 1964, ƙungiyar gwamnatoci ce, kowace ƙasa tana da hannun jari da wakilinta guda. Wakilin Najeriya shi ne kamfanin gwamnati mai kula da sadarwar ƙetare, wato NET, wanda ya buɗe tashar ƙasa ta farko a Lanlate, cikin jihar Oyo ta yau, wajen 1971. Farantin irin waɗannan tashoshi yana kai faɗin mita 30, kuma ba mai iya gina shi sai gwamnati. Daga baya aka ƙara wata tashar a Kujama, kusa da Kaduna. A shekarun 1970, lokacin da jihohi suka zama 19, gwamnati ta yi hayar gurbi a taurarin Intelsat domin haɗa manyan biranen jihohi da waya da talabijin, tsarin da aka sani da DOMSAT. A 1985 aka haɗe NET da sashen waya na ma'aikatar gidan waya, aka samar da NITEL, wanda ya gaji wakilcin. Ƙofa ɗaya ce, mabuɗinta kuma yana hannun gwamnati, don haka babu buƙatar wata doka ta musamman.

Ƙasashen Afirka sun so su rage kuɗin da suke biya waje, domin a lokacin kiran waya tsakanin maƙwabta biyu yakan bi ta Turai kafin ya dawo. A taron ministocin sadarwa da aka yi a Abuja a 1991 aka amince da shirin tauraron nahiya, aka kafa ƙungiyar RASCOM a 1992 da mazauni a Abijan. Sai a ƙarshen 2007 tauraronta na farko ya tashi, ya kuma samu matsalar da ta gajarta rayuwarsa, aka harba madadinsa a 2010. Shekaru goma sha biyar na jira sun isa kasuwa ta sauya kamanni.

Abubuwa uku ne suka rushe tsohon tsari. Na farko, farantin ya ƙanƙance. Tashoshin VSAT, masu faɗin mita ɗaya zuwa uku, sun bai wa bankuna, kamfanonin mai, jami'o'i da shagunan intanet damar haɗuwa da waje ba tare da bi ta NITEL ba. Kafin 2010, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, waya ɗaya ce tak, SAT-3, kuma NITEL ke riƙe da ita, saboda haka kaso mai yawa na intanet ɗin ƙasar ta sama yake saukowa, daga taurarin da ba na Najeriya ba. Na biyu, yarjejeniyar sadarwa ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta 1997, wadda ta fara aiki a Fabrairun 1998, ta sa ƙasashe da dama buɗe kasuwanninsu. A shekarar 1997 ɗin hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta fitar da tsarin da ke sauƙaƙa shiga ga taurarin ƙasashen da ke cikin ƙungiyar, tsarin da wasu hukumomi suka yi koyi da shi. Na uku, Inmarsat a 1999 da Intelsat a 2001 suka koma kamfanoni masu zaman kansu. Daga nan tauraron da ke sama ya daina zama dukiyar haɗin gwiwa, ya zama hajar baƙon ɗan kasuwa.

A cikin gida, dokar soja mai lamba 75 ta 1992 ce ta kafa NCC, Dokar Sadarwa ta 2003 kuma ta ba ta cikakken iko kan lasisi, farashi, gasa da tantance na'urori. Dokar ta kuma kafa majalisar kula da mitoci ta ƙasa, ƙarƙashin jagorancin ministan sadarwa, wadda ke raba mitoci ga hukumomi a dunƙule. Duk da haka, hankalin hukumar a waɗannan shekaru ya fi karkata ga wayar salula, wadda aka yi gwanjon lasisinta a Janairun 2001 kan dala miliyan 285 kowanne. An daɗe ana ba masu faranti a ƙasa lasisi, alhali mai tauraron da ke sama yana sayar da gurbinsa ga 'yan Najeriya ba tare da wata takarda daga Abuja ba.

Ƙa'idojin 2018

An toshe wannan giɓi da ƙa'idojin sadarwar tauraron ɗan adam na kasuwanci, waɗanda NCC ta fitar a 2018, zamanin shugabancin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta. Ƙa'idojin sun raba harkar gida biyu. Mai tauraro na waje yana neman izinin sauka, yana gabatar da shaidar lasisinsa na gida da bayanin rajistarsa a ITU da mitocin da zai yi aiki da su. Izinin bai ba shi damar sayar wa talaka kai tsaye ba, sai dai ya sayar da gurbi ga kamfanonin da ke da lasisi a Najeriya. Wanda ke son kafa tashar ƙasa ko ya yi hulɗa da masu amfani dole ya yi rajistar kamfani a Najeriya, ya nemi lasisin aiki da na mita, ya kuma kai na'urorinsa a tantance. Avanti, Intelsat, Eutelsat, Yahsat da OneWeb suna cikin waɗanda suka karɓi izinin.

Amfanin rajistar ya bayyana a batun mita. Zangon mitoci da ake kira C, wanda taurari suka daɗe suna amfani da shi a yankunan da ake ruwa mai ƙarfi domin ba ya yankewa da damina, yana maƙwabtaka da mitar da ake so domin 5G. A Disambar 2021 NCC ta yi gwanjon zangon mita 3.5 GHz domin 5G, inda MTN da Mafab suka yi nasara kan dala miliyan 273.6 kowanne. Hukumar da ba ta san waɗanne taurari ke haskawa a ƙasarta da inda tashoshinsu suke ba, ba za ta iya kare su daga katsalandan ɗin sigina ba.

Zuwan Starlink

Taurarin Starlink na kamfanin SpaceX suna kewaye a nisan kusan kilomita 550, kuma dubbai ne, ba ɗaya ba. Kusancin ne ke rage jinkirin saƙo daga fiye da rabin daƙiƙa, kamar yadda yake a taurari masu nisa, zuwa ɗan abin da ba a ji a hira. FCC ce ta ba su lasisi, takardunsu na ITU kuma ta hannun Amurka da Norwe aka shigar. Tunda kamfanin kai tsaye yake sayarwa, izinin sauka kaɗai bai ishe shi ba. Ya yi rajistar reshe a Najeriya, a 2022 ya samu lasisin mashigar ƙasa da ƙasa, wato tashar da ke haɗa sadarwar gida da ta waje, na shekara 10 da na samar da intanet na shekara 5, lokacin Isa Ali Pantami na ministan sadarwa. Ya fara aiki a Janairun 2023, Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta same shi.

Gwajin ikon hukuma ya zo a Oktoban 2024, sa'ad da kamfanin ya sanar da ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000. NCC ta ce ba ta amince ba, ta kafa hujja da sashe na 108 da na 111 na dokar 2003, kamfanin ya dakatar da ƙarin. A Janairun 2025 hukumar ta yarda da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba ga kamfanonin sadarwa baki ɗaya. A nan lasisin cikin gida ya yi aikinsa: da kamfanin ba shi da reshe a ƙasa, da babu wanda za a rubuta wa takarda.

Sai dai akwai abin da ya kamata ya dami masu tsara doka. Babbar hujjar buɗe ƙofa ita ce kai intanet ƙauyukan da ƙarfen sabis bai isa ba. Amma a ƙarshen 2024 a manyan birane irin su Abuja da Legas ne kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista na gida saboda cunkoso. Kuɗin na'ura da na wata sun fi ƙarfin manomi, don haka saye ya taru inda dama akwai zaɓi. Buɗe kasuwar daidai ne, amma lasisin da bai zo da sharaɗi ko tallafin kai sabis makarantu da asibitocin karkara ba ya bar rabin aikin.

Tsaro

A Yunin 2013 rundunar tsaro a Borno ta haramta amfani da wayar tauraron ɗan adam ta Thuraya, wadda kamfaninta na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne, bayan an katse layukan salula a jihar ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A Satumban 2021 an rufe turakun sadarwa a Zamfara, daga baya a sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Irin wannan rufewa tana aiki ne a kan ƙarfen da ke ƙasa, ba ta taɓa farantin da ke kallon sama. Shi ya sa hukumomi ke nacewa kan rajistar masu saye, da tashar mashiga a cikin gida, da bin ƙa'idojin sauraron sadarwa bisa doka na 2019. Masu kare haƙƙin jama'a suna ganin waɗannan sharuɗɗa na iya zama hanyar toshe bakin mutane. A matakin duniya, taron rediyo na 2019 ya zartar da ƙuduri mai lamba 22 kan tashoshin da ke aikawa ba izini, kuma da shi Iran ta kai ƙarar Starlink gaban ITU a 2023.

Sauran ƙasashe

Kamaru ta riƙa ƙwace na'urorin Starlink a kan iyaka a 2024. Mali ta haramta shigo da su a Maris na shekarar, ta sassauta a Oktoba. Gana ta ba da izini a 2024, Nijar kuma ta fara samun sabis ɗin a hukumance a Maris 2025. Afirka ta Kudu tana da sharaɗin cewa kashi 30 cikin ɗari na kamfani mai lasisi ya kasance hannun al'ummomin da wariyar launin fata ta danne, kuma a kan wannan aka daɗe ana taƙaddama.

Talabijin

Watsa shirye-shirye ta tauraro yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, wato NBC, wadda ita ma aka kafa a 1992.

Tauraron gida

Kamfanin gwamnati na NIGCOMSAT, mai tashar sarrafawa a Lugbe kan hanyar filin jirgin saman Abuja, shi ne abokin gasar baƙin taurari. An harba NigComSat-1 daga Sin a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda lalacewar fikafikansa masu tara hasken rana. Madadinsa, NigComSat-1R, ya tashi a Disambar 2011, yana zaune a digiri 42.5 gabas, an kuma ƙera shi ne domin ya yi shekara 15. An sha kiran a tilasta wa ma'aikatu da hukumomin gwamnati sayen gurbi a gida kafin su nemi na waje. Masu adawa da hakan suna cewa tauraro ɗaya da ba shi da mataimaki a sama ba zai ɗauki nauyin bankuna da rundunonin tsaro shi kaɗai ba. Hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999 kuma take maƙwabtaka da NIGCOMSAT a Lugbe, tana da dokarta ta 2010 da ta tanadi lasisin ayyukan samaniya, kuma iyakar da ke tsakanin wannan iko da na NCC tana cikin abubuwan da masana doka ke muhawara a kai.