Tambarin Kosha: Wa Ke Nema, Wa Ke Biya?

Idan ka ɗauki kwalbar miyar tumatir ta Heinz a wani kanti a Amurka, duba jikinta da kyau, za ka ga ɗan harafin U cikin da'ira. Tambarin ƙungiyar Orthodox Union ne ta New York, wanda ya fara fitowa a gwangwanin waken Heinz a 1923. Shaida ce cewa abincin ya dace da shari'ar Yahudawa, wato kosha: ba alade, ba a haɗa nama da madara, dabba kuma a yanka ta bisa ƙa'idarsu.

Babu dokar da ta tilasta wa kowa. Kamfani ne da kansa yake kai buƙata, ya biya, a turo masa mai duba, wanda suke kira mashgiyak, ya binciki kayan haɗi da tukwane da injina. A 1935 sai da Coca-Cola ta sauya wani sinadarin haɗa lemonta, gilisarin, da ake samu daga kitsen shanu da na tsirrai kafin malamin Yahudawa Tobias Geffen na Atlanta ya amince.

To, Yahudawa kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na mutanen Amurka, me ya kawo wannan wahala? Kasuwa. Mai sayar da kayan ƙamshi ga masana'antar da ke da tambarin dole shi ma ya samu, in ba haka ba ciniki ya kuɓuce. Ga masu gudun nama ko madara, ga Musulmi masu gudun alade, su ma suna duba tambarin, kodayake a kula: akwai giya mai tambarin kosha, don haka ba ɗaya suke da halal ba.

Jihar New York ta yi dokar hana sayar da abinci da sunan kosha na ƙarya a 1915, kotu ta soke ta a 2002 saboda ta tsoma gwamnati cikin hukuncin addini. Dokar 2004 ta tsaya kan cewa mai sayarwa ya bayyana wanda ya ba shi shaida.

Masu cewa wannan haraji ne na ɓoye da ake karɓa wa Yahudawa ba su faɗi gaskiya ba, ƙiyayya ce tsohuwa. Kuɗin da kamfani ya biya, idan aka raba shi kan miliyoyin gwangwanaye, ba ya taɓa aljihun kowa. Inda tsadar take a fili shi ne nama: mahaucin musamman, duba huhu, barbaɗa gishiri don fitar da jini. Wannan kuwa mai neman naman kosha ne ke biya.