Kwikwiyon da kuka kawo gida: ku ware mishi wurin kashi tun ranar farko

Salamu alaikum jama'a. Mu da muke aikin lafiyar dabbobi a nan Tahoua ba shanu da tumaki kaɗai muke gani ba, gidaje da yawa yanzu akwai kare, wani don gadi, wani don bin garke, wani kuma yaro ne kawai ya ɗauko a unguwa ya nace da kuka sai an bar mishi. Kuma koken da ake kawo muna kusan guda ne, wai ya ɓata tsakar gida, ya yi fitsari bisa tabarma, ya yi kashi kusa da inda maigida ke alwala, an buge shi har an gaji amma bai daina ba.

To wallahi duka ba zai sa ya daina ba. Kwikwiyo ɗan wata 2 marar shi ba ta yi ƙwarin da zai riƙe fitsari ba, lissafin da ake yi shi ne kamar awa guda ga kowane wata da ya yi a duniya, ɗan wata 2 awa 2 kenan, ɗan wata 4 awa 4, kuma da yawansu sai sun kai wata 5 zuwa 6 kahin a ce sun riƙe sosai. Ga kuma zafin garin nan, lokacin bazara sai ya yi ta shan ruwa, dole ya yi ta fitsari, kuma don Allah kar a hana shi ruwa saboda haka, kwikwiyo bai jure ƙishirwa. Abin da ake yi mishi shi ne abin da iyayenmu mata ke yi ma jariri, a ɗora shi bisa ƙafafu a lokacin da aka san zai yi, kullum kullum, har jikinshi ya saba.

Ku zaɓi lungu guda a cikin gida, nesa da randa, nesa da murhu, nesa da inda yara ke wasa, kuma ba nan inda yake kwana ko cin abinci ba. A zuba yashi a wurin. Da ya tashi daga barci a ɗauke shi a kai shi can, ina nufin a ɗauke shi a hannu, don in kun ce ya biyo ku da ƙafa zai tsuguna a hanya. Haka in ya ci abinci, cikin minti 15 zuwa 30 cikinshi zai motsa, haka in ya gama guje-guje da yara, haka da dare kahin a rufe ƙofa. In kun aje shi ku tsaya nan shiru, kar a yi mishi wasa, ku riƙe kalma guda da duk ƴan gida za su riƙa faɗi, ko “yi maza” ce ta isa. Yana gamawa, a take a wurin, a shafa kanshi a yaba mishi a ba shi ɗan abin da yake so, ko ɗan guntun ƙuli-ƙuli. In kuka bari sai an dawo bakin ɗaki sannan aka ba shi, shi a ganinshi ladan dawowa ne aka biya shi.

Kuma yana gaya muku kahin ya yi, ku dai ba ku lura ne. Za ku ga ya bar wasa kwatsam, ya sa hanci ƙasa yana sunsune-sunsune, ya fara zagaye wuri guda yana ɗan ƙugi, wutsiya ta ɗan ɗaga. Daga nan bai wuce ƴan daƙiƙu. Abinci ma a sa mishi lokaci, sau 3 ko 4 a yini, ya ci a ɗauke kwanon, don kwikwiyon da aka aje ma ragowar tuwo tun safe har dare yana ci yana komawa ba wanda zai iya sanin lokacin kashinshi. Da dare a sa shi ɗan ƙaramin wuri, babban kwali ko lungun da aka kare da katako, saboda kare bai son ɓata makwancinshi, zai yi kuka a fitar da shi, kuma satin farko sai wani ya daure ya tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne goga mishi hanci cikin kashin. Don Allah a bari. Bai haɗa wannan da abin da ya yi awa guda da ta wuce, abin da zai koya kawai shi ne hannun mutum abin tsoro ne, sai ya koma yin kashin a ɓoye bayan randa ko ƙarƙashin gado, kuma karen da ya girma da tsoro shi ne mai cizo. In kun kama shi yana cikin yi, ku tafa hannu ku ɗauke shi ku kai lungunshi. In kuma tarar da shi kuka yi an riga an yi, sai dai a kwashe. Siminti a wanke da omo sosai, in ƙasa ce a kankare ta a zuba sabuwa, don warin da ku ba ku ji shi yana ji, shi ke mayar da shi wurin. Wannan jiƙaƙƙen yashin ma a ɗebi kaɗan a kai lungun da aka ware, zai gane da sauri.

Mi ya sa ma'aikacin lafiyar dabbobi zai zauna yana dogon rubutu kan kashin kare? Saboda yaranmu ne ke rarrafe a ƙasar nan suna sa hannu a baki. Kwiyakwiyi da yawa da tsutsar ciki ake haihuwarsu, tun suna cikin uwa suke ɗauka, wasu kuma ta nono, ita ce likitoci ke kira Toxocara. Ƙwanta na fita cikin kashi, ido bai ganinshi, kuma sai ya yi sati 2 zuwa 4 cikin ƙasa kahin ya zama mai kama mutum, daga nan kuma yana iya yin watanni yana nan da rai, ruwan jabel ma, wanda ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, bai kashe shi. In yaro ya haɗiye, tsutsar kan bi jiki ta taɓa hanta, wani lokaci har ido. Shi ya sa in kashin a wuri guda yake kuma ana kwashewa kullum, ƙwan bai samun lokacin nuna. A kwashe da pel ko a sa hannu cikin leda, a zuba a masai ko a bizne da zurfi, kar a haɗa da takin da za a kai garka, kuma babba ne zai yi wannan aikin, ba yaron da ya ɗauko karen ba. A wanke hannu da sabuni.

Maganin tsutsa ana fara shi tun yana sati 2, a maimaita duk sati 2 har ya kai sati 8, sannan duk wata har ya kai wata 6, bayan nan duk wata 3. Da nauyinshi ake auna maganin, don haka ku zo ofishin kiwo ko wurin likitan dabbobi, ku bar na masu talla a kasuwa. Mu nan ƙasar kiwo ce, akwai wata tsutsar kuma da ta shafe mu ƙwarai. In an yanka rago, ranar layya ko a mahauta, aka ga huhu ko hanta da ƙullutu mai ruwa a ciki, sai a ce bai ciwuwa a jefa ma kare. Nan ne kare ke ɗauka, ƙwan ya fita a kashinshi, ya koma jikin tumaki da mutane ya yi irin wannan jakar ruwan a hanta ko huhu, a mutum sau da yawa sai an yi aiki an cire. Irin wannan kayan ciki a ƙona ko a bizne inda kare bai iya tonowa, kuma ku tambayi maganin da ke da praziquantel a ciki, shi ke kashe ta.

In kwikwiyon da ya fara sabawa ya koma zawo mai jini da amai, ya ƙi abinci, wannan ciwo ne, a kawo shi ranar. In ya cika wata 3 kuma a yi mishi allurar haukan kare, a karɓi karne, wato takardar allurar, a adana, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon nan na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kwikwiyo ma yana iya ɗauke da shi. In ya ciji yaro ko ya yakushe shi har fata ta fashe, a wanke wurin da ruwa da sabuni minti 15 cur, kar a ɗaure, kar a tsaya shafa magani na gida, a wuce CSI, wato asibitin da ke kusa, ranar, kuma a tsare karen a sanar da ofishin kiwo don a sa mishi ido.