Dakali na Huɗu a Dandalin Trafalgar

Dakali na Huɗu wani dandamalin dutse ne da ke kusurwar arewa maso yamma ta Dandalin Trafalgar, a tsakiyar birnin Landan, gaban gidan adana zane-zane na ƙasar Birtaniya. Tun daga shekarar 1999 ake ɗora ayyukan fasaha na zamani a kansa, kowanne ya yi wa'adinsa a sauke shi a ɗora wani. Ba a biyan kuɗin kallo. Mai tafiya ofis, direban bas da baƙon da ya zo yawon buɗe ido duk suna wucewa ta gabansa, ko sun yi niyya ko ba su yi ba.

Tarihi

Sir Charles Barry, wanda ya tsara fasalin dandalin, shi ne ya zana dakalin, aka gina shi a 1841. An yi nufin ɗora mutum-mutumin Sarki William na Huɗu a kan doki, amma kuɗi suka gaza. Sauran dakalai ukun sun samu masu zama a kansu: Sarki George na Huɗu, da janar-janar biyu na zamanin mulkin mallaka a Indiya, Charles James Napier da Henry Havelock. Wannan kuwa ya zauna wayam fiye da shekara 150, ana ta kawo shawarwari ba a daidaita ba.

A shekarun 1990 wata tsohuwar ƙungiyar raya fasaha da ake kira RSA, a lokacin shugabancin Prue Leith, ta kawo shawarar a riƙa sa ayyuka na ɗan lokaci. Mark Wallinger ya buɗe fage a 1999 da siffar Annabi Isa daidai tsayin mutum, wadda ta zama ƙarama ƙwarai a kan ƙaton dutsen. Bill Woodrow ya biyo baya a 2000, sai Rachel Whiteread a 2001. Daga baya ofishin magajin garin Landan ya karɓi ragamar shirin, ya kafa kwamitin da ke tantance masu fasaha. Akan baje ƙananan samfuran ayyukan da suka kai matakin ƙarshe domin jama'a su gani su faɗi ra'ayinsu.

Wasu ayyukan da aka ɗora

A 2005 Marc Quinn ya sassaƙa Alison Lapper da farin dutse, wata mai zane da aka haifa ba hannuwa, tana ɗauke da juna biyu. A 2009 Antony Gormley ya bar dakalin ga talakawa: kwana 100, dare da rana, mutum 2,400 suka hau ɗaya bayan ɗaya, kowa da awa guda ya yi abin da ya ga dama.

Aikin Yinka Shonibare, wanda aka haifa a Landan a 1962 ya tashi a Legas, ya hau a watan Mayun 2010. Samfurin Victory ne, jirgin ruwan yaƙin Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya a yaƙin Trafalgar, a cikin wata ƙatuwar kwalba, amma filafilansa na atamfa ne, irin wadda mata ke ɗaurawa a Kano ko Kumasi. Zaɓin ba na ado kawai ba ne. Asalin zanen atamfa daga rinin Indonesiya yake, masaƙun Holan da Manchester suka kwaikwaya, kasuwannin Afirka ta Yamma suka mayar da ita tasu. Da yadi kaɗai ya tuna wa masu kallo cewa nasarar Birtaniya a yaƙin Trafalgar na 1805 da kasuwancin daularta a teku tafiyarsu ɗaya. Bayan an sauke shi a 2012, an tara gudummawar jama'a aka saye shi, yanzu yana gidan tarihin jiragen ruwa da ke Greenwich.

Michael Rakowitz, a 2018, ya sake gina bijimin tsohuwar daular Assuriya mai fukafukai da kan mutum, wanda mayaƙan ISIS suka rusa a Nineba da ke Iraƙi a 2015, da gwangwanayen zumar dabino na Iraƙi kimanin 10,500. A 2022 Samson Kambalu ɗan Malawi ya ɗauko wani hoto na 1914 daga ƙasarsa, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya: mai wa'azi John Chilembwe sanye da malafa kusa da Baturen mishan John Chorley, a zamanin da aka hana baƙar fata barin hula a kansa gaban Bature. Chilembwe ya jagoranci bore a 1915, aka kashe shi. A kan dakalin, Kambalu ya yi shi kusan ninki biyu na girman Baturen.

An kuma ɗora shuɗin zakara na Katharina Fritsch a 2013, da ƙwarangwal ɗin doki na Hans Haacke a 2015.

Taƙaddama

Wasu na son a sa mutum-mutumi na dindindin, kuma an sha ambaton Sarauniya Elizabeth ta Biyu, musamman bayan rasuwarta a 2022. Shirin sauya ayyuka ya ci gaba, aikin Teresa Margolles 'yar Meziko ya hau a watan Satumban 2024.